Itace Ba Ya Jin Talla

Duk shekara idan damina ta ƙarato, labarin noman itatuwan marmari yakan cika kafafen watsa labarai na Arewa. Rediyo ya sanar cewa za a raba irin dashe kyauta, jarida ta buga hoton wani jami'i ya durƙusa yana binne saiwar mangwaro, a Facebook da WhatsApp kuwa a yi ta yawo da bidiyon matashi tsaye cikin lambu yana lissafa miliyoyin da hekta ɗaya za ta bayar. Akasarin abin da ake faɗa ba ƙarya ba ne. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna sanya Nijeriya cikin manyan ƙasashen da ke samar da mangwaro da dangin lemo: mangwaro wajen tan 900,000 a shekara, lemo kuwa kimanin tan miliyan 4. Abin da masu talla suke tsallakewa shi ne shekarun da ke tsakanin ranar dasawa da ranar tsinka, alhali a cikin shekarun nan ne ake cin riba ko a tafka asara.

Bauranya, a yankin Kankiya da Kusada da ke tsakiyar Jihar Katsina, wuri ne da ya dace a auna wannan magana. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa. Ruwan sama yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma a shekara mai kyau bai cika wuce milimita 800 ba. Itatuwan da suka saba da wannan yanayi su ne waɗanda ake gani tsaye cikin gonaki tun zamanin kakanni: kuka, tsamiya, ɗorawa, kanya, magarya, aduwa. Ba wanda ya taɓa yi musu ban ruwa, ba kuma wanda ya taɓa tallarsu a rediyo.

A wannan yanki akwai wani tsohon shugaban makarantar firamare da ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aiki. Da kuɗin sallamarsa suka fito, babban ɗansa, wanda ke aikin ofis a Abuja, ya fara aiko masa da bidiyoyin lambunan lemo. Wata rana ya bugo waya ya ce, "Baba, gero ba ya fitar da mutum. A dasa lemo a gonar nan ta bakin hanya, nan da shekara uku sai dai ka zauna a inuwa ana ƙirga maka kuɗi." Dattijon ya ce, "To, Allah ya yi albarka. Amma kai da ka ga lambun a waya, ka ga rijiyarsu?" Ɗan ya yi dariya, ya ce za a haƙa burtsatse. Haka aka sayo dashen lemon zaƙi ɗari da na mangwaro arba'in, aka dasa su cikin watan Yuli, ƙasa tana da laima, ganye kore shar, aka ɗauki hotuna aka tura Abuja.

Tambayar da dattijon ya yi ita ce tushen al'amarin. Itacen lemo yana buƙatar ruwan da ya kai milimita 900 zuwa 1,200 a shekara, kuma yana son sa a rarrabe cikin watanni, domin ba ya zubar da ganye ya huta da rani kamar yadda kuka ke yi. Shi ya sa cibiyar lemon Nijeriya take Jihar Binuwai, a wurare irin su Gboko da Ushongo da Vandeikya, inda damina ke kai wata bakwai. A Katsina kuwa wata takwas ne na rani, ciki har da hunturu mai busar da ganye da bazarar da zafinta ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Lissafin ba shi da wuya. Idan kowane ƙaramin itace zai sha lita 20 sau biyu a mako, itace ɗari na buƙatar lita 4,000, wato jarka 160 mai cin lita 25, kowane mako, tun daga Oktoba har ruwa ya sake sauka. Idan itatuwan suka girma, buƙatar ta ninka sau da yawa.

Ba a ce lemo ba ya yi a busasshiyar ƙasa ba. A Timiya, cikin duwatsun Ayar na Jamhuriyar Nijar, ana noman lemo da rumman ana kai su kasuwar Agadas, alhali ruwan saman can bai kama ƙafar na Katsina ba. Sirrinsu shi ne ruwa yana kusa a ƙarƙashin kwarin, rijiyoyi suna aiki duk shekara. Tsakiyar Katsina kuwa tana zaune ne a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana maƙale a cikin tsage-tsage, saboda haka burtsatse biyu da ke kusa da juna sai ɗaya ya ba da ruwa sosai, ɗaya ya riƙa ɗigo. Na gonar malamin ya ba da ruwan da zai ishi gida, bai kai na lambu ba. Babban ruwan da jihar take da shi a kusa, wato madatsar Zoɓe da ke Dutsin-Ma wadda aka kammala a 1983, ya shafe shekaru masu yawa ba a ci moriyarsa ta ban ruwa yadda aka tsara ba, kuma ko da an ci, ba zai gangaro Bauranya da kansa ba.

Bayan ruwa sai awaki. Al'adar ƙasar Hausa ce da zarar an kawar da amfanin gona a saki dabbobi su yi kiwo, kuma a watan Fabrairu babu koren abu a fili sai ɗan itacen da ake shayarwa. Duk wanda bai kewaye gonarsa da waya ko ƙaya ba ya dasa wa akuya ne. Sai gara, wadda ke bin laimar gindin itace ta cinye saiwa, mai gona bai ankara ba sai ya ga ganye ya yi yaushi. Kafin damina ta biyu, fiye da rabin lemon malamin ya bushe. Mangwaron ya fi juriya, domin saiwarsa tana nutsawa ƙasa da zurfi, kuma yana son rani kafin ya yi fure.

Akwai kuma batun iri. Mangwaron aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin na gida, yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa biyar. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara shida zuwa takwas, kuma ba lallai ne ya gaji uwarsa ba. A cikin leda, a bakin titi, bambanta su sai mai ido. Mai sayar da dashe zai rantse cewa wannan Binta Suga ce, wancan Fita ne, mai saye kuma ba zai san gaskiya ba sai bayan shekara biyar, lokacin da mai rantsuwar ya daɗe da canza wuri. Nijeriya tana da cibiyar binciken kayan lambu da na marmari ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, kuma tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, tafiyar da ba ta fi ƙarfin mutumin Kankiya ba. Sai dai ba kasafai bidiyon talla ke ambaton irin waɗannan wurare ba, domin mai bidiyon sau da yawa shi ne mai sayar da dashen.

A ce itace ya tsallake duk wannan ya yi 'ya'ya. Nan ne kasuwa take jira. Mangwaron yanki ɗaya lokaci ɗaya yake nuna, tsakanin Afrilu da Yuni, kuma ba ya jure ajiya fiye da 'yan kwanaki. Wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano cikin wannan lokaci ya ga yadda motoci ke sauke kaya daga kudu da tsakiyar ƙasa, ya kuma ga tulin da ake kwashewa a zubar. Farashin da mai talla yake ambata na tiren mai sayarwa ne a Abuja ko Legas. Wanda manomi ke karɓa shi ne na ɗan sari, wanda yakan zo tun 'ya'yan suna ɗanye ya saye itacen gaba ɗaya, ya san mai gona yana neman kuɗin taki kafin shuka. Ɗan sarin ma ba azzalumi ba ne kullum: shi ke biyan kuɗin mota da na masu tsinka, shi ne kuma ke kwana da asara idan kaya suka ruɓe a hanya.

Masu maganar fitar da mangwaro zuwa Turai suna da wani abokin gaba da ba sa ambata. A 2003 aka fara ganin wani ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya a Kenya, kuma cikin shekara biyu ya bazu har Afirka ta Yamma. Macen takan huda fatar mangwaro ta saka ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki, a waje kuwa ɗan tabo kawai ake gani. Idan masu bincike a tashar Turai suka tarar da tsutsar, sai a lalata kayan baki ɗaya. Mali da Burkina Faso da Kwaddibuwa, waɗanda suka daɗe suna fitar da irin Kent da Keitt daga yankunan Sikasso da Bobo-Dioulasso da Korhogo, sun kai ga haka ne da ƙungiyoyin manoma, da wuraren tantancewa da sanyaya kaya, da tarkon ƙuda, da ƙa'idar tsince duk abin da ya faɗo a binne shi. Aiki ne na gari guda, domin ƙuda bai san iyakar gona ba. Manomi ɗaya a Bauranya, komai himmarsa, ba zai iya shi kaɗai ba.

Labarin masana'anta ma haka yake. A farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Obasanjo, aka hana shigo da ruwan 'ya'yan itace da aka riga aka ɗura a kwali ko kwalba, aka ce manoman gida za su amfana. Amma dokar ba ta hana shigo da dunƙulallen ruwan lemo a cikin durom ba, saboda haka kamfanoni suka ci gaba da sayo shi daga waje suna tsarmawa suna ɗurawa a gida. A 2012 aka buɗe masana'antar Teragro a Makurɗi domin matse lemo da mangwaro na cikin gida, kuma an yi ta yayata labarin. Darasin da ke ciki shi ne masana'anta tana zuwa ne inda kaya suka riga suka taru da yawa, iri ɗaya, a kan lokaci. Ba ta bin manomi ɗaya zuwa ƙauyensu.

Duk da haka, gonar malamin ba ta zama kufai ba. Mangwaro talatin da 'yan kai sun tsaya, haka ma 'yan itatuwan lemon tsami da gwaba da ya dasa daga baya kusa da burtsatse, inda ruwan da ke zuba daga bokitan masu ɗiba yake isa gare su. Bai daina shuka wake da gyaɗa a tsakanin layuka ba, kuma su ne suka riƙe gonar a shekarun da itatuwa ba su ba da komai ba. Matan gidan, waɗanda suka daɗe da sanin yadda ake kauɗar tumatir da busar da kuɓewa, sun fara yanka mangwaron da ya yi yawa suna shanyawa. A Burkina Faso wannan sana'a ta busar da mangwaro ta zama babbar hanyar samun kuɗi, kuma mata ne suka fi yawa a cikinta. Ba miliyoyin bidiyo aka samu ba, amma an sami inuwa, da abin sawa a bakin jikoki a watan da rumbu ya fara sauka, da ɗan kuɗin da ke shigowa daidai lokacin sayen taki.

Wannan magana ta fi shafar 'yan boko da ke birane, domin ta hannunsu labari yake isa ƙauye. Uba yana iya ƙin jin mai talla, amma da wuya ya ƙi jin ɗansa da ya yi digiri. Shirye-shirye irin su Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wadda Katsina ke cikin jihohi 11 da ta shafa a Nijeriya, da shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, suna kawo dashe da kuɗi, kuma abin maraba ne. Sai dai adadin da ake sanarwa na itatuwan da aka raba ne. Adadin da ya kamata mai ilimi ya nema shi ne na waɗanda suka ga damina ta uku.

Kafin wani ya tura wa mahaifinsa bidiyo na gaba, akwai abubuwan da ya kamata ya fara bincikawa. Ya san lita nawa rijiyar gonar take bayarwa a watan Afrilu, domin awon watan Agusta ba ya nuna komai. Ya san wanda zai tsare gonar daga dabbobi, da abin da za a biya shi. Ya tabbata gonar ba ta aro ko jingina ba ce, ba kuma gadon da ba a raba ba ne, domin dasa itace a irin wannan ƙasa ya sha raba zumunci. Ya je da ƙafarsa inda ake renon dashen ya ga uwar itacen da aka yanko reshen daga jikinta. Sannan ya tambayi kansa ko zai iya aika kuɗin man injin ban ruwa kowane wata har shekara biyar ba tare da an tsinki ko ɗa ɗaya ba. Idan amsoshin sun yi daidai, to a dasa, a fara da itace ashirin, a ƙara idan sun rayu. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun wannan zomo ana yin sa ne da jarka a kafaɗa, cikin ranar bazara.