Kafin a Shiga Fili

A tseren zagaya ganguna na Amurka, idon 'yan kallo yana kan fili, inda aka girke ganguna uku kamar duwatsun murhu. Doki ya shigo a guje, ya kewaye ta farko, ya tsallaka ya kewaye ta biyu, ya miƙe zuwa ta uku, sannan ya juyo da iyakar ƙarfinsa. A cikakken fili, ƙafa 90 ne tsakanin ganga ta farko da ta biyu, ƙafa 105 daga kowaccensu zuwa ta uku, kuma gwanin doki yakan gama cikin daƙiƙa 17 ko kusa da haka. A babbar gasar ƙarshen shekara da ake yi a Las Vegas kowane Disamba, inda filin ya fi ƙanƙanta, ana gamawa ƙasa da daƙiƙa 14. Wanda ya ka da ganga an ƙara masa daƙiƙa 5, kuɗi kuma sun wuce shi ke nan.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai yana faruwa ne kafin wannan duka, a ɗan lungun da dawakai ke bi su shiga fili. A nan za ka ga dokin da bai yi taku ɗaya na gudu ba amma wuyansa ya jiƙe sharkaf, kumfa ta fito inda igiyar linzami ke goga. Kansa a sama, yana tauna ƙarfe, yana tafiya a karkace. A nufa da shi ƙofa, ya ja da baya. A matsa masa, ya yi tabarya, ƙafafun gaba a iska. Wani sai mutum biyu sun riƙe shi, wani sai an haɗa shi da dokin rakiya. Mahayiyar (akasarinsu mata ne, tun da mata 38 suka kafa ƙungiyarsu a San Angelo ta jihar Texas a 1948) tana bisa, fuska a ɗaure, tana jiran ya miƙe ta sake shi. Da ya shiga kuwa, sai ya yi gudun da ake so, a tafa masa, a ce zumuɗi ne, gudu yake so.

Wani dokin zumuɗin ne da gaske. Amma zumuɗi ba ya sa doki ja da baya daga abin da yake so. Dokin da ke gudun ƙofar tsoron abin da ke bayanta yake yi.

Yawancin dawakan wannan wasa irin da ake kira Quarter Horse ne, masu kaurin cinya da saurin tashi, masu saurin ɗaukar karatu kuma. A gasar Las Vegas ta 1985, kayan linzamin wani doki mai suna Scamper sun kwance yana shiga fili, da yarinya Charmayne James a bayansa. Ya kewaye gangunan nan uku daidai, har ya ci zagayen ranar. Su biyun sun riƙe kambun duniya shekara goma a jere, daga 1984 zuwa 1993. Ana ba da wannan labari don a yabi doki, ya kuma cancanta. Sai dai yana nuna wani abu daban: dokin da ya haddace aikinsa haka ba ya jiran a faɗa masa. Kaifin basirar da ya sa Scamper ya gama ba linzami, shi ne ke sa wani doki ya haddace abin da ba a yi niyyar koya masa ba. Duk ƙarshen mako a loda shi a mota, a yi tafiyar awoyi, a sauke shi, a ɗaura sirdi, a yi gudu. A gida ma a maimaita gangunan a guje, don ana ganin maimaici ne ke kawo gwaninta. Akwai gasa masu kuɗi da yawa da aka keɓe wa 'yan shekara huɗu da biyar, don haka tun ƙashi bai gama ƙwari ba ake fara matsa musu. A hankali sai dokin ya haɗa lissafinsa: sirdi na nufin gudu, ƙofa na nufin kaimi da bulala, juyawa a jikin ganga na nufin zafi.

Zafin nan shi masu hankali ke fara nema, tun kafin a yi zancen horo. Juyawa a guje cikin ɗan ƙaramin wuri tana cin gwiwoyin ƙafafun baya. Sirdin da bai zauna daidai ba yana cin baya, haƙori mai kaifi yana yanka kunci duk lokacin da aka ja linzami. Sai kuma gyambon ciki, wanda ya yi yawa a dawakan gasa. Cikin doki ba ya daina fitar da ruwan tsami dare da rana, domin an halicce shi ne ya wuni yana kiwo kaɗan-kaɗan. Idan aka kulle shi a barga, aka ba shi hatsi sau biyu, aka bar shi awoyi a mota ciki ba komai, to gudu zai riƙa watsa tsamin nan a saman tumbin da ba shi da kariya. Likitan dabbobi kan zura na'ura ya duba, ya rubuta maganin omeprazole na kwana 28. Abin takaici ne a ce doki mai irin wannan ciwo an saya masa linzami mafi tsanani da igiyar danne kai, alhali abin da yake bukata ciyawa ce a gabansa koyaushe.

Bayan magani sai hutu, makonni ko watanni a makiyaya tare da 'yan'uwansa. Sannan aikin ya fara, kuma aikin ba shi da abin kallo ko kaɗan. Tafiya ce kawai, da linzami a sake. Dokin da ya saba da gudu ba zai yarda ba da farko. Zai riƙa 'yar sassarfa a wuri guda, yana neman dalilin tashi. Idan aka ja linzami da hannu biyu, sai ya ƙara turjewa, domin riƙon nan shi ne abin da ya sani a bakin ƙofa daf da a sake shi. Don haka ake lanƙwasa shi da igiya ɗaya, ya yi ɗan kewaye har ƙafafunsa su lafa, kuma da zarar ya yi taku ɗaya na tafiya sai a saki. A sakin nan ne karatun yake. Idan aka makara da daƙiƙa biyu, bai san me aka yaba masa ba.

Ana fita da shi kilisa daji, ana sa shi bin shanu, abin da zai ba kansa aiki ba tare da agogo ba. Wata rana a ɗaura sirdi, a hau, a zauna, a sauka, a kwance. Daga baya a kai shi wurin gasa ba tare da an sa sunansa ba, ya tsaya ya ji lasifika da ihun mutane, a mayar da shi gida. Wanda ya fi burge ni shi ne a shiga da shi lungun nan da tafiya lokacin da fili ba kowa, a tsaya a tsakiyarsa, mahayiya ta sauka, ta sassauta majayin da ya ɗaure masa ciki, ta ja shi su fita. Wurin da ya fi tsoro a duniya ya zama wurin da ake tashi daga aiki. Gangunan ma haka, a je musu da tafiya, a tsaya kusa da kowacce a huta.

Rabin aikin kuma yana kan wadda ke bisa. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a fatarta ba za ta kasa jin cinyar da ta ƙanƙame ta ba, ko numfashin da aka riƙe. Mahayiyar da dokinta ya taɓa yin tabarya da ita tana isa bakin ƙofa a shirye da faɗa, shi kuma ya karanta shirin nan ya tabbatar lallai akwai abin tsoro. Shi ya sa wasu ke ba wani mahayi dokin na ɗan lokaci, wanda ba shi da wannan tarihi da shi.

Alamar da ake jira ƙarama ce ƙwarai. Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma a sukuwa numfashinsa a haɗe yake da takunsa, ɗaya da ɗaya. Wanda ke cikin fargaba numfashinsa gajere ne, haƙarƙari a sandare, baya ya yi tauri ƙarƙashin sirdi, ido ba ya ƙiftawa sosai. Sai wata rana ana cikin tafiya wuyan ya sauko, kunne ɗaya ya juyo baya yana sauraro, ya lashi baki, ya saki wani dogon huci har leɓɓansa na kaɗawa. Wanda ke bisa zai ji bayan dokin ya yi laushi, takun ya ƙara tsawo. In an tsaya, ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya jingina ta a kan bakin kofato. Abin da ya dace a wannan lokaci shi ne kada a nemi komai a wurinsa, ko da shirin ranar bai kai rabi ba. Da yawa a nan suke ɓata aikin watanni, domin suna ganin doki ya kwanta sai su ce bari a gwada zagaye ɗaya a guje.

Gudun zai dawo, amma daga ƙarshe, kuma da ƙwauro: tafiya, sassarfa, sukuwa mai sauƙi, sannan gudu na gaske jefi-jefi tsakanin ranaku masu yawa na aikin sanyi. Ranar da rawar ƙafa ta sake bayyana a bakin ƙofa, a koma mataki na baya. Wannan na iya cinye kakar gasa guda cur, ga kuɗin likita, ga dokin da aka saya da tsada yana yawo a daji. Akwai kuma waɗanda ko an yi duk wannan, za su natsu a ko'ina ban da gaban ganguna uku. Irin waɗannan akan mayar da su aikin garke ko hawan kilisa, kuma da yawansu suna yin shekaru masu tsawo a wannan aiki lafiya lau.