Tanderun Da Ba Ya Shiga Mota

Tun da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan cikin 1916, mutanenta ba su daina cewa za su koma gida ba. Fataken goro da na shanu ne suka raya ta, shi kuwa falke ko ya shekara arba'in a masauki, jakarsa tana rataye kusa da ƙofa. Haka mahaifin wani magidanci na wannan unguwa ya yi zamansa. Ya zo daga Kano yana saurayi, ya yi dillancin goro har ya tsufa, ya rasu aka rufe shi a nan, amma bai taɓa yarda a aza bulo bisa bulo a tsakar gidansa ba. In an yi masa zancen gini sai ya ce a dakata, ai baɗi za a tashi.

Matarsa, watau mahaifiyar magidancin, 'yar Jakara ce, unguwar da duk Kano ta sani da gurasa. Da tanderunta na yumɓu ta zo, irin mai kama da randa wanda ake manna ƙullu a jikinsa daga ciki. Ta riƙe sana'arta har 1987, sa'ad da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, fulawa ta gagari talaka. Ta kife tanderu a lungu, kafin a ɗage hanin cikin 1992 ya riga ya tsage.

Da tsufa ya zaunar da ita, sai ta koma ba ta da zance sai na gurasa. Burodin Agege da jikoki ke sayowa, gutsura ɗaya take yi ta ture. Ɗan ya aika Kano a sayo tanderu har sau biyu, duka biyun suka iso a farfashe cikin motar albasa. To, ran nan ya ce shi zai gina da kansa, da jan bulo.

Ginin farko kam abin kunya ne. Ya haɗa bulon da siminti, ran kwana uku ya cika shi da itace ya hura wuta, kafin la'asar rufin ya dare gida biyu. Wani tsohon Bayarabe mai gidan burodi a Mokola, wanda ya koyi Hausarsa a bakin 'yan tsiren Sabo, ya zo ya duba, ya yi dariyarsa, sa'an nan ya zauna ya koya masa. Siminti ba ya jure wuta, laka ce ke jurewa, a kwaɓa ta da yashi. A ƙarƙashin daɓe a zuba fasassun kwalabe don kada ƙasa ta shanye zafin. A tara jiƙaƙƙen yashi kamar kifaffiyar ƙwarya, a rufe shi da tsohuwar jarida, a jera bulo a kansa, in laka ta kama a yashe yashin ta baki. Tsayin bakin kuma kada ya wuce kashi biyu cikin uku na tsayin cikin, in ba haka ba zafi ya tsere tare da hayaƙi.

Sauran aikin haƙuri ne, wanda shi ne magidancin ba shi da shi. A Kano rana ce ke busar wa magini da aikinsa. A Ibadan kuwa, inda ruwa ke sauka tun daga Maris har Oktoba, sai da ya kafa rumfar kwano, ya yi mako biyu yana hura 'yar wuta ta ƙirare safe da maraice, maƙwabta na tambaya ko shayi yake dafawa.

Ranar gashin farko aka fito da Inna bisa kujera. Ita ta sa aka watsa fulawa a daɓen, da ta ga ta yi ja ba ta yi baƙi ba ta ce a zuba. Aka kawo mata ta farko da ƙuli-ƙuli da man gyada. Ta tauna, ta daɗe ba ta ce kome ba, idonta a kan ginin. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai wannan," in ji ta, "wannan fa ba ya shiga mota."

Ya ce, "Na sani, Inna."

Ta miƙa masa kwanon ta ce gobe a ƙara gishiri a ƙullun.