Kayayei: Matan da Kasuwar Akkara Ke Kan Wuyansu

A Akkara, da zarar danja ta tsayar da motoci sai mata su ɓullo ta kowace kusurwa, wannan da daron ruwan leda a ka, waccan da soyayyar ayaba, wata da akwatin gilashi cike da fanke. Hannu ɗaya na miƙa kaya ta taga, ɗaya na ƙirga canji, a guje kuma, kan bai ko karkata ba. Ni da na tashi a Kano talla ba baƙuwar aba ba ce gare ni, shi ya sa na kalla na wuce.

Abin da ya tsaya mini a rai a Kantamanto na gan shi, babbar kasuwar gwanjo, wadda gobara ta cinye mafi yawanta a Janairun 2025, 'yan kasuwa suka sake kafa rumfunansu. Hajiyar da ta sauke ni a unguwar Nima ce ta kai ni. Muna cikin wani lungu da mota ko amalanke ba sa shiga, sai na ji "Ago! Ago!" a bayana. Hajiya ta fizgo hannuna.

"Ba ta hanya, ƙanwata, kayayo ce."

Na ce, "Kaya me, Yaya?"

Ashe kalmarmu ce. Kaya na Hausa aka haɗa da kalmar mace a harshen Ga, mutanen Akkara na asali: ɗaya kayayo, da yawa kayayei. A wajenmu dako aikin maza ne. A nan 'yan mata ke yinsa, akasarinsu Dagomba da Mamprusi daga arewacin Gana, yankunan Tamale da Walewale. Damina ɗaya ce a can, in an girbe amfani hannu ya koma wofi, sai a gangaro kudu cin rani, wata don kuɗin makaranta, wata don haɗa kayan ɗaki. Da dare da yawansu a ɗakunan katako na unguwar Old Fadama suke cunkusuwa, waɗanda ba su samu ba su shimfiɗa kwali a ƙofar shago.

Na tsaya na ga yadda ake ɗora wa wata. Ba za ta wuce shekarun autata ba, ga goyo a baya yana barci. Ta naɗe tsohon zane ta yi gammo, ta ɗan russuna, ƙarti biyu suka ciccibo dilar gwanjo suka aza mata. Dila guda kan kai kilo 55, ta fi buhun siminti. Na ga wuyan ya nutse cikin kafaɗu, jijiyoyi suka miƙe, idonta ya tsaya cik har ta sami daidaito, sannan ta ɗaga ƙafa.

Raina ya ɓaci da na ga mai kayan tana ja-in-ja da ita a kan lada bayan an sauke. Wadda ta iya biyan kuɗin dila ba ta da hujjar yi wa mai ɗaukarta ƙoro.

Yarinyar ba ta ce uffan ba. Ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta gyara goyonta. Na ce mata, "Sannu, 'yata." Ta ɗago da murmushi ta ce, "Yauwa, Mama," sai wani ya ƙwala kira daga can ƙarshen layi, ta suri gammonta ta nufi wajen.