Kafin a Kai Talabijin Wurin Mai Gyara, a Dubi Agogonta



Yanzu gidaje da yawa a cikin garin Katsina sun koma talabijin mai intanet. Da ita ake kallon Labarina da Izzar So a YouTube, da ita ake sauraron tafsiri da azumi, mu kuma masu shirin WAEC da JAMB da ita muke bin darussan lissafi idan manya sun bar mana rimot. Amma tana da wani hali mai ban haushi. Ka kunna ta lafiya lau, hoto tar, ka danna manhaja, sai ɗan zoben nan ya yi ta juyawa har ka gaji. A unguwarmu ni ake aika wa idan haka ta faru, kuma abin da na lura da shi shi ne, sau da yawa talabijin ɗin lafiyarta ƙalau, ranar yau kawai ta manta.

Waya da kwamfuta suna da batirin da ke riƙe agogonsu ko an kashe su. Da yawa daga cikin talabijin masu araha da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su da wannan. Da zarar an ɗauke wuta agogon ya tsaya, idan an kawo kuma sai ta nemi lokaci daga intanet. In ba ta samu ba, sai ta koma wata tsohuwar rana. Wasu har 1 ga Janairu, 1970 suke komawa, domin daga wannan ranar ne kwamfutoci da yawa suke fara ƙirgen lokaci. A wannan shekarar ko jihar Katsina babu, sai a 1987 aka ƙirƙiro ta, YouTube kuwa sai a 2005 aka kafa shi.

To mene ne haɗin agogo da kallo? Duk lokacin da manhaja za ta buɗe, sai kamfanin ya nuna wa talabijin wata shaidar tsaro mai ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, kamar dai katin shiga jarrabawa. Talabijin ta duba shaidar, ta duba agogonta, ta ga kwanan watan bai yi daidai ba, sai ta ƙi yarda. Kuma ba za ta fito ta ce maka agogo ne ba. Ko dai ta rubuta cewa babu intanet, ko ta yi shiru.

A hutun da ya wuce wani dattijo maƙwabcinmu ya aiko a kira ni. Na same shi ya sa an sauko da talabijin ɗinsa daga bango, an naɗe ta da bargo, ana jiran mai Keke Napep. Wani mai gyara ya ce masa wai allon cikinta ne ya ƙone, kuma kuɗin da ya yanka masa zai sayi abincin gidan na kwanaki. Talabijin ɗin nan ɗansa ne ya saya masa, kuma da ita yake kallon sallar Makka da Madina kullum.

Na ce, "Baba, a ba ni minti biyar tukuna."

Ya ce, "Kai yaro, mai gyara ya gani, kai mi za ka gani?"

Muka jona ta a ƙasa, na shiga saiti, na nemi wurin kwanan wata da lokaci. Na nuna masa shekarar da ke rubuce. Ya gyara tabarau ya duba, ya yi dariya ya ce lokacin ko aure bai yi ba. Na gyara ranar da hannu, na zaɓi lokacin Afirka ta Yamma, wanda ke gaban na GMT da awa ɗaya, na koma manhajar. Nan take ta buɗe. Ban ce mai gyaran mugu ba ne, wataƙila bai duba wurin ba ne kawai. Amma da bargon nan ya fita gidan, da kuɗin sun tafi.

Ba kullum agogo ne ba, gaskiya. Abu na biyu da na fi gani shi ne data. Yawancinmu da waya muke ba talabijin intanet, kuma akwai datar da ake saye mai arha wadda WhatsApp da Facebook kaɗai take buɗewa. Waya za ta nuna tana da data, talabijin za ta nuna ta haɗu da waya, amma babu abin da zai buɗe. Sannan talabijin ciki gare ta. Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya a hoto mai matsakaicin kyau zai iya cin giga 1, mai kyau sosai kuma har giga 3. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba abin wasa ba ne a gida. Ni dai a YouTube nakan rage hoton zuwa 480. Fuskar malamin lissafi ba ta buƙatar fiye da haka, in dai ana ganin allo.

Akwai kuma wayoyin da ke raba intanet a kan zango biyu, 2.4 da 5. Talabijin masu araha da yawa na farkon kaɗai suke gani. Idan sunan wayarka bai fito a talabijin ba sam, shiga saitin wayar ka mayar da shi 2.4, kuma ka ajiye wayar kusa, kada ta bi Yaya zuwa zaure.

Idan agogo daidai ne, data ma akwai, sai a zare filogi daga bango a jira kamar minti ɗaya. Kashewa da rimot barci kawai take sa ta, ba ta mutu ba. In manhaja ɗaya ce tak ta ƙi, a shiga saitinta a share tarkacen da ta tara, ko a sabunta ta. Mayar da talabijin yadda ta fito daga kamfani shi ne mataki na ƙarshe, duk da cewa shi mutane suka fi saurin yi. Yana goge komai, kuma sai ka sake sauke manhajojin da datarka, in kuma an manta lambar sirri an shiga wani sabon aiki.

Wani lokacin ma matsalar ba a gidanku take ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da Kodebuwa da wasu ƙasashen, har harkar bankuna ta taɓu. A irin wannan ranar duk abin da ka danna a rimot aikin banza ne. Shi ya sa nake fara buɗe manhajar a waya. Idan can ma ta ƙi, sai na leƙa maƙwabta na tambaya ko tasu tana yi.