Igiyar da muka sayar

Shekara kusan ashirin ke nan muna sayar da igiya a kasuwar Kujama: ta guga, ta turke, ta ɗaurin kaya. Ba mu taɓa tambayar mai saye me zai yi da ita ba. Washegarin ƙaramar sallar bara samari uku suka zo rumfa, suka ce a yanko musu yadi talatin na shuɗiyar igiyar roba, irin wadda direbobi ke ɗaure buhunan masara da ita. Wai za a yi jan igiya tsakanin 'yan layin masallaci da 'yan layin kasuwa. Har ragi muka yi musu.

Bayan mun idar da la'asar muka tafi kallo. An fara da mutum goma-goma, amma kun san halinmu, duk wanda ya zo wucewa sai ya tattare riga ya kama. Kafin a jima kowane ɓangare ya haura ashirin. A gaban 'yan layinmu akwai ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara sha shida mai koyon ɗinki. Gumi ya sa igiyar santsi, sai ya naɗe ta a hannun dama, zagaye biyu. Mun gani da idonmu. Wallahi har cewa muka yi yaron nan akwai dabara.

Da 'yan kasuwa suka fizga, na bayansa kuma suka kwanta da ƙarfinsu, sai naɗin ya zarge. Nauyin mutum arba'in ya taru a kan yatsunsa. Ihun murna ya danne nasa ihun, sai da aka ga jini sannan aka saki. Fatar yatsu biyu ta saɓule, ɗaya ya karye. Aka ruga wurin mai ɗori, shi kuwa, Allah ya saka masa da alheri, yana dubawa ya ce wannan ba aikinsa ba ne, a nufi asibiti. Cikin dare muka shiga Kaduna. Likitoci sun ceto yatsan, amma har yau ba ya lanƙwasuwa, almakashi ma da ƙyar yake riƙewa.

Bayan haka ne wani ɗanmu malamin makaranta ya karanto mana dokokin wasan. Ashe abin da muka ɗauka wasan yara ne an yi shi a gasar Olamfik daga 1900 zuwa 1920, kuma har yau akwai masu yin sa a gasar duniya. Mutum takwas ne a kowane ɓangare. Igiyarsu mai kauri ce, kewayenta santimita 10 zuwa 12 da rabi, ta cika tafin hannu. An hana ƙulli, an hana naɗewa a hannu. Su ma ƙwararrun suna fama da ciwon baya da kafaɗa da gwiwa, amma dai da yatsunsu suke komawa gida.

Akwai kuma abin da mu masu sayarwa muka sani ba sai an karanto mana ba. Igiyar roba miƙewa take yi kamar ɗanƙo. In ta tsinke, dawowa take da duk ƙarfin da aka zuba mata, ba kamar ta rama ba. A Taiwan, a 1997, mutum sama da 1,600 suka ja igiyar roba, ta tsinke, mutum biyu hannuwansu suka guntule, sai da likitoci suka mayar musu. A Amurka ma, a 1978, irin haka ta faru a wata makaranta, ɗalibai suka rasa kawunan yatsu. Tamu ba ta tsinke ba, Allah ne ya tsare kawai.

Wasu dattawa sun ce a hana wasan gaba ɗaya. Mu dai ba mu goyi bayan haka ba. A garin nan, duk abin da zai sa yaranmu da 'ya'yan maƙwabtanmu Gbagyi su tsaya a layi ɗaya suna ja gefe guda, kamar yadda suke yi a wasannin makaranta, ba abin yarwa ba ne. Kuma in aka hana su a fili, bayan gari za su koma, inda babu babba ko ɗaya.

Abin da muka yi shi ne, mun sa an tufka mana igiyar rama mai kauri, tana nan a rumfa. Duk masu son aro su zo, ba ko kwabo. Sharaɗi: takwas-takwas, a haɗa sa'a da sa'a, a cire zobe da agogo, a samu wuri mai yashi, kuma babba ya tsaya da usur, da ya ga hannu ya fara naɗi ya busa. Ta roba kuwa, yanzu duk yaron da ya nemi fiye da yadi goma sai mun ji me zai ɗaure. Wasu na fushi su wuce rumfar gaba, shi ya sa muka je muka yi magana da mai rumfar gaban shi ma.