Tsamiya Ta Riga Mu Zuwa

Unguwanninmu da yawa sunan itace suke ɗauke da shi: Kurna da Ɗorayi a Kano, Unguwar Rimi a Kaduna, Gawon Nama a Sakkwato. Amma yau duk wanda ya sayi fili, gatari yake fara kira kafin magini.

Filinmu yana bayan garin Zariya, ƙafa 100 ta kowane ɓangare. Mun tarar da tsamiya ɗaya ta yamma da gawo biyu a bakin iyaka ta kudu. Zanen farko da aka kawo mana ya ɗora falo daidai kan tsamiyar, sai muka mayar da shi. Da rubuta manhajar kwamfuta muke cin abinci, kuma sana'ar ta koya mana cewa sabon shiga ne yake goge aikin da ya tarar tun bai karanta ba. Abin da ya daɗe yana aiki, akan fara tambayar me yake riƙe da shi.

Tsamiyar tana tare ranar la'asar, wadda take gasa bangon yamma har ɗaki ya kwana da zafi. Gawo kuwa ya saba wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, lokacin da ake neman inuwa ido rufe.

Barin itace ya wuce hana sara. Yawancin saiwoyi ba sa nisa a ƙasa, yaɗuwa suke yi ta gefe, kuma suna buƙatar iska. A Birtaniya akwai ƙa'idar gini da ta ce a auna kaurin gindin itace daga gefe zuwa gefe, a ninka sau 12, a bar wannan tazara kewaye da shi. Kaurin tsamiyarmu santimita 70 ne, tazararta ta kama mita 8.4, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filin. Nan muka kewaye da kara. Tifa ba ta shiga, ba a jibge yashi ko bulo, ba a kwaɓa siminti. Salga ma can kusurwar arewa muka kai ta.

Mun biya farashi. Shaguna biyu na haya da muka sa rai da su sun fita daga zane, ɗakunan kwana suka koma uku. Magini ya ce, "Yallaɓai, kuɗi fa kuke bar wa tsuntsaye." Inna kuma damuwarta daban: "Ku yaran nan, tsamiya a tsakar gida? Matattarar iskoki ce." Ba mu yi musu da ita ba. Mun dai ce za a riƙa karatu a gindinta, kuma kunun tsamiyar azumi daga gida zai fito. Ta yi dariya, amma ba ta janye maganarta ba.

Ginin ya lanƙwasa ya rungumi itacen ta gabas da arewa, tagogin falo da kicin suna kallonta. Kusan tsarin gidajen kakanninmu ne: zaure a gaba, ɗakuna a gefe, tsakar gida mai inuwa.

Ɗaki dai ko baɗi muna iya ƙarawa idan hali ya samu. Tsamiya mai wannan girma kuwa, ko yau muka dasa, sai dai jikokinmu su sha inuwarta.