Daren da na zama ɗan tawaye a Landan

Ni dai tun ƙuruciya ban taɓa zama ma'abocin sinima ba. Lokacin da sa'o'ina ke tururuwa zuwa Plaza da El Dorado a Kano don kallon finafinan Indiya, ni ina gida rungume da littafi. Shi ya sa da na kai ziyara Landan a watan Yulin 2015, ɗan yayata ya ce ya yankar mana tikitin kallon Star Wars, sai na shiga neman hanyar zillewa. Ya ce, "Kawu, ai wannan ba zama za ka yi ka zuba ido ba, cikin fim ɗin za ka shiga." Da na ji tikiti ɗaya fam 75 ne, kuma ya riga ya biya daga ɗan abin da yake samu, kunya ta hana ni cewa a'a.

Masu shirya abin, wato Secret Cinema, tun 2007 suke wannan sana'a. Sukan ɗauki fim guda su gina duniyarsa a wani ɓoyayyen wuri, su zuba 'yan wasa, sannan su ba kowane mai tikiti sabon suna da matsayi da irin tufafin da zai sa. Mu an ce mu zo a shigar 'yan tawayen sahara: tufa mai launin ƙasa da mayafin rufe fuska. Yaron ya yi kwanaki yana haɗa nasa. Ni kuwa na buɗe akwatina na zaro tsohuwar jallabiya da rawani, na naɗa kamar yadda mutanenmu ke yi in hunturu ya kankama. Ya dube ni ya tuntsire da dariya, ya ce, "Wallahi Kawu ka fi kowa dacewa."

Muka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Canada Water, aka jagorance mu zuwa wata tsohuwar maɗaba'ar jaridu mai girman gaske. A ƙofa aka sa wayoyinmu cikin jaka aka liƙe. Muna shiga sai ga mu a kasuwar wani gari na sahara: rairayi a ƙasa, rumfuna, masu kiɗa, masu ciniki, ga sojoji cikin farin sulke suna sintiri suna tsare mutane. Garin na duniyar Tatooine ne, wadda George Lucas ya ɗauki hotunanta a Tunisiya don fim ɗin farko na 1977, ya kuma aro sunanta daga garin Tataouine. Abin da Turawa suka biya kuɗi don su gani a matsayin wata duniya, ni kama ya yi mini da cin kasuwar ƙauye a bakin hamada.

Da farko na maƙale a gefe, hannuwa a baya, ina kallon manya da furfurarsu suna wasan yara. Can sai wani sojan ya tsare ni yana tambayar takarduna. Kafin in ankara na kama yi masa magiya da Hausa, irin wadda direba ke yi a shingen hanya. Jama'a suka kewaye mu suna tafi, sun ɗauka yaren wata duniyar ne. Daga nan ban sake komawa gefe ba. Na tuna tashe a watan azumi, inda mai wasa da mai kallo ba su da iyaka a tsakaninsu.

Bayan sa'o'i aka shigar da mu zauren kallo, aka haska The Empire Strikes Back na 1980, 'yan wasa kuma suna kwaikwayon faɗan takubban haske a gefen allo. Gaskiya ban fahimci rabin labarin ba. Amma da aka zo wurin da mugun nan mai baƙin sulke ya bayyana wa saurayin cewa shi ne mahaifinsa, sai na juya na ga yaron yana share ido da gefen mayafinsa.

A jirgin komawa gida ya ce mini, "Kawu, wannan fim ɗin da marigayi Baba muke kallonsa duk hutu." Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifinsa, kuma duk tsawon lokacin nan ina yi wa hotunan da ya manna a ɗakinsa kallon shirme. Sau nawa na yi masa faɗa a waya kan ɓata lokaci, ban taɓa tambayarsa abin da ya gani a ciki ba?

Har yau ban zama masoyin Star Wars ba, kuma ba na jin zan zama. Sai dai na dawo Kano da wata tambaya da nake so iyaye da malamai 'yan'uwana su yi wa kansu. Muna saurin yanke wa 'ya'yanmu hukunci kan ƙwallo da waƙa da finafinan da suke so, alhali daga bakin ƙofa muke leƙe. Ba cewa nake duk abin da yaro ya so daidai ne ba. Cewa nake kafin ka hana, ka shiga ka zauna kusa da shi ko da dare ɗaya ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni sai da na naɗa rawani a Landan sannan na san ɗan da yayata ta haifa.